Yashi da Ruwa: Daga Kwatar Krofrom Zuwa Gaɓar Keta

 Masu sauraronmu na Krofrom da Moshie Zongo, na Aboabo da Sawaba, na Tafo da Asawase, barkanmu da war haka. Iyayenmu mata da ke kan girki, sannunku da aiki. Direbobi da yaran mota da ke tasha kuna jiran motar Tamale ko ta Bolga ta cika, Allah ya kai ku lafiya.

Sharhinmu na yau a kan yashi ne. E, yashi. Wanda tipa ke juyewa a ƙofar gida. Wanda ruwan sama ke cika mana kwata da shi.

Na san wani zai ce, duk damuwar da ke garin nan na Kumasi, sai yashi? Ku dai ba ni aron hankalinku. Akwai ƙa'ida guda da ruwa ke bi a ko'ina, a cikin lungunmu da kuma a bakin teku. Ga ta nan. Ruwa in yana gudu, ɗauka yake yi. In ya lafa, sai ya sauke. Kuma mai nauyi yake fara saukewa. Za ku ji na maimaita wannan magana, da gangan ne. Wanda ya riƙe ta zai gane dalilin toshewar kwatarsa. Zai gane dalilin da kogin Offin ya zama ruwan kunu. Zai kuma gane abin da ke cinye garin Keta.

To, mu fara da tambaya. Daga ina yashi yake zuwa?

Yashi tsohon dutse ne. A ƙarƙashin wani sashe na Kumasi da kewayenta akwai dutse mai tauri, irin wanda ake fasawa a Buoho. Masana na kiransa giranit. Zafi da ruwan sama suna cinsa a hankali, shekaru dubbai. Wani ɓangarensa yana ruɓewa ya zama yumɓu. Amma akwai farin ɓangare mai ƙyalli da ake kira kwaz. Shi taurin kai gare shi, ba ya ruɓewa da wuri. Sai dai ya farfashe, ya gogu, ya ƙanƙance. Mafi yawan yashin da ke cikin kogunanmu, shi ne.

Magina sun daɗe da sanin cewa yashi iri-iri ne. Akwai mai kaushi na buga bulo da zuba kankare. Akwai rairayi mai laushi na shafe. Masana kuma suka ɗauko ma'auni. A shekarar 1922 wani Ba'amurke mai suna Chester Wentworth ya tsara iyakokin da ake amfani da su har yau. Ƙwayar da ta wuce milimita 2, tsakuwa ce. Daga nan zuwa mafi ƙanƙantar da ido zai iya rabewa, yashi ne. Ƙasa da haka turɓaya ce, mai kama da gari. Ƙasa da turɓaya sai yumɓu, wanda ke manne wa yatsa. Ku riƙe waɗannan 'yan uwa huɗu. Tsakuwa, yashi, turɓaya, yumɓu. Tare ruwa ke kwaso su, amma ba wuri ɗaya yake ajiye su ba.

Yanzu ku zo mu leƙa kwata.

An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, an ɗauke, gari ya waye. Ka tsaya a kan gangare, inda lungu marar kwalta ya haɗu da babban titi. Dubi ƙasa. A bakin lungun, inda ruwa ya fara cin karo da wuri mai faɗi, tsakuwa ce zube, da fasassun bulo, da murafen kwalba. Taka gaba kaɗan. Tsakuwa ta ƙare, yashi mai kaushi ya fara, wanda ke ƙara a ƙarƙashin takalmi. Ƙara gaba. Yashin ya yi laushi, kuma za ka ga ya yi 'yan tuddai a jere, kamar an taje shi. Can ƙarshe, inda ruwa ya kwanta ya kwana, sai laka mai santsi, wadda in rana ta buge ta take tsagewa. Ba wanda ya zo da rariya cikin dare. Ruwa ne ya tankaɗe su. Da ya fara rage gudu, ya sauke tsakuwa. Da ya ƙara lafawa, ya sauke yashi. Da ya tsaya cak, ya saki laka.

'Yan tuddan nan ma, ku dube su da kyau in kun samu ruwa na gudana a kansu. Gefe ɗaya yana da gangare mai sauƙi, shi ne wanda ke fuskantar inda ruwa ke fitowa. Ɗaya gefen ya fi tsayuwa. Ƙwayoyin yashi suna hawa ta gefe mai sauƙi, su kai ƙololuwa, su gangaro ta ɗayan. Da haka tudun gaba ɗaya yake tafiya, sannu sannu, yana bin ruwa. Ko ruwan ya ƙafe, wanda ya san kan abin zai dubi tuddan ya faɗa maka ta ina ruwan ya bi.

Iyayenmu mata sun fi kowa sanin wannan ilimi. Hajiya, tuna yadda kike rege shinkafar gida. Kin zuba ta a ƙwarya, kin sa ruwa, kina jujjuyawa kina karkatawa. Ƙaiƙayi ya taso sama, kin zubar. Shinkafa tana tsallakewa zuwa ɗaya ƙwaryar. Tsakuwa da yashi sun nutse, sun taru a gindi. Abin da hannunki ke yi a ƙwarya, shi kogi ke yi a tsawon ɗaruruwan kilomita.

To me ya sa haka? Saurin nutsewa ne ya bambanta. Ƙwayar yashi matsakaiciya, in ka sake ta a ruwan da ya kai ƙirjin yaro, kafin minti guda ta kai ƙasa. Turɓaya mai laushi sai ta yi sa'o'i. Yumɓu kuwa sai ya yi kwanaki yana yawo, wani ma makonni. Wani malamin lissafi na jami'ar Kambirij a Ingila, George Stokes, ya fitar da lissafin wannan a 1851. Ya nuna cewa a cikin ƙananan ƙwayoyi, in ka rage kaurin ƙwaya da rabi, saurin nutsewarta zai ragu ninki huɗu. Ke nan ɗan bambanci a girma yana haifar da babban bambanci a tafiya. Ƙwayar da ta daɗe ba ta nutse ba, ita ce ke yin nisa.

Ruwa in yana gudu, ɗauka yake yi. In ya lafa, sai ya sauke. Mai nauyi yake fara saukewa.

Sai dai a nan akwai wani abin mamaki, kuma ina so ku saurara da kyau. Hankali zai ba ka cewa tunda yumɓu ne mafi ƙanƙanta, shi ruwa zai fi saurin ɗagawa. Ba haka abin yake ba. Wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Filip Hjulström ya yi nazarin kogin da ke ratsa garin Uppsala, ya buga sakamakonsa a 1935. Ya gano cewa abin da ruwa ya fi saurin ɗagawa shi ne yashi mai laushi zuwa matsakaici. Tsakuwa nauyi ke kare ta. Yumɓu kuma danƙo ke kare shi, don ƙwayoyinsa suna manne da juna. Rairayi ne ba shi da mai kare shi. Ba nauyi, ba danƙo. Ɗan ruwan da bai kai ya ture yaro ba ma, zai kwashe shi.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Duk tulin yashin gini da aka juye a bakin titi, ba a kewaye shi da bulo ba, ba a rufe shi ba, rabon kwata ne. Maigida ya biya kuɗin tipa cikakkiya. Ruwa uku aka yi, wani kaso ya gangara. Maigida ya yi asara, maƙwabtan da ke ƙasa da shi kuma su ne za su kwashi ruwa a ɗaki. Yumɓu kuwa, da wuya ya tashi, amma in aka tayar da shi da wuya ya kwanta. Ku ajiye wannan a rai, za mu dawo kansa idan mun isa Offin.

Yanzu mu juya ga ɗaya fuskar. Mun ga yadda ruwa ke rarrabawa. Yana kuma gaurayawa.

Ambaliya ba ta da lokacin tankaɗe. In ruwa ya taso da ƙarfi kuma ya tsaya farat ɗaya, kamar in ya ci karo da kwalbatin da shara ta toshe, sai ya zube komai a cakuɗe. Tsakuwa da yashi da laka da leda, duk wuri guda. Wannan cakuɗe shi ya fi wuyar haƙa. Ƙananan ƙwayoyi suna shiga tsakanin manya su cike kowace kafa. In ya bushe, shebur ba ta shigarsa, sai an sa diga. Samarin da ke fita gayyar yasar kwata sun san abin da nake faɗi.

A cikin cakuɗen ma akwai dabara. Ƙananan ƙwayoyi suna fakewa a bayan manya, ruwa ya wuce ta kansu bai taɓa su ba. Manyan kuma da suka ɗago kai, su ke shan bugun ruwa. Mutumin da ya sa wannan fakewa cikin lissafi shi ne Hans Albert Einstein, ɗan shahararren masanin nan Albert Einstein. Uban ya yi suna a kan haske da taurari. Ɗan ya ƙare rayuwarsa yana nazarin yadda kogi ke mirgina tsakuwa, ya koyar a jami'ar Kalifoniya, ya buga babban aikinsa a 1950. Kada dai wani ya raina yashi.

Daga wannan fakewa ake samun wani abu. Ruwa yana tsince ƙananan ƙwayoyin da ke sama, ya bar manyan. A hankali sai saman gindin kogi ya zama shimfiɗar tsakuwa, a ƙarƙashinta kuma yashi na kwance lafiya. Shimfiɗar nan sulke ce ga kogi. Muddin tana nan, ruwan yau da kullum ba zai yi ta haƙa ƙasa ba. Ranar da aka kawo injin tono aka yaye ta, an buɗe wa ruwa rumbu. Zai ci gindin, gindin ya zurfafa, gaɓa ta rasa abin dogaro ta rufta.

Ga kuma abin da za ku iya gani da idonku. In an yashe babbar kwata da ta shekara ba a taɓa ba, ku dubi gefen da shebur ta yanka. Za ku ga layi-layi. Mai kaushi a ƙasa, mai laushi a sama, sai siririn layin laka. Sai kuma mai kaushi ya sake farawa. Kowane hawa ruwa guda ne. Ya zo da ƙarfi, ya lafa, ya tsaya. Mai haƙuri zai iya ƙirga manyan ruwan da aka yi a daminar.

To, masu sauraro, mu fita daga lungu. Mu bi ruwan mu ga inda za shi.

Rafin Aboabo yana ratsa Moshie Zongo da Dichemso, ya wuce Aboabo da Anloga. Yana haɗuwa da rafin Sisa. Rafin Subin, wanda ya ratso tsakiyar gari, shi ma kudu ya nufa. Dukkansu a kogin Oda suke zubewa. Oda ya shiga Offin. Offin ya shiga Pra. Pra kuma ya faɗa teku a Shama, gabas da Sekondi. Ke nan ledar da aka jefa a kwata a nan, da yashin da ya zube daga tulin wani, hanyar teku suka kama.

A kan hanya, duk inda rafi ya yi kwana, ku lura. Ruwa ya fi gudu ta bayan kwanar. Can yake cin gaɓa, can ne zurfi. Ta cikin kwanar kuma gudunsa kaɗan ne, can yake tara yashi. Shi ya sa gefe ɗaya gaɓa ce a tsaye, ɗaya gefen kuma tudun rairayi. Shekara bayan shekara kwanar na matsawa waje. Ɗan'uwa, in an nuna maka fili a bakin rafi da araha, kafin ka tambayi takarda, dubi ta wane gefen kwana yake. In ta baya ne, rafin na nan tafe. In kuma filin shimfiɗaɗɗe ne, ƙasarsa laka mai laushi, to ka tambayi kanka wa ya kawo lakar. Ruwa ne ya kawo ta. Wurin da ya taɓa kwana, ya san hanyar komawa.

Waɗanda asalinsu arewa ne sun san wata fuskar wannan. Gulbin Maraɗi da rani, ko rafukan ƙasar Katsina da Zamfara, yashi ne fari fat ba ɗigon ruwa. Amma a tona kaɗan, sai ruwa ya tsattsafo, garai-garai. Dalili shi ne gulbin ya riga ya wanke yashin, ya tafi da lakar. Tsakanin ƙwayoyin akwai kafofi, ruwa na zama a ciki yana tacewa.

Yanzu mun iso Offin, inda maganar ke da ɗaci.

Mai wankin zinariya da wannan ƙa'idar yake cin abinci. Zinariya ta fi yashi nauyi kusan ninki bakwai. Tun kafin zuwan ɗan Adam, kogi ke wanke duwatsun ƙasar Asante. Yana tafiya da yashi, yana barin zinariya a gindi, cikin tsakuwa, a kwanoni da ramuka. Kakannin mutanen ƙasar nan da akushi suke jujjuya ƙasa a ruwa, mai nauyi ya zauna. Masu galamsey, wato masu haƙar zinariya ba bisa doka ba, na yau ma haka ne, sai dai da injin canfan da manyan motocin tono. Suna kwaso gindin kogi da gaɓarsa, su watsa ruwa, su tare ɗan abin da ya fi nauyi. Sauran duka su mayar wa kogi.

Me ke faruwa da sauran? Ku bi ƙa'ida. Tsakuwa ta zube nan take, ta zama tuddai a tsakiyar kogi. Yashi ya ɗan yi gaba, ya cike zurfin da kifi ke zama. Yumɓu kuwa, wanda na ce ku ajiye a rai, an tayar da shi. Ba zai kwanta ba. Shi ne launin nan da kuke gani a Dunkwa, launin da ke bin Offin ya shiga Pra har bakin teku. Ko yau aka kashe kowane inji, lakar da aka tara a gaɓa za ta daɗe tana komawa ruwa duk damina.

Masu tace ruwan famfo da wannan yumɓu suke kokawa. Tunda ba ya nutsewa da kansa, sai a zuba alif. Alif yana sa ƙwayoyin su dunƙule, su yi nauyi, su kwanta. In laka ta yi yawa, alif ya yi yawa, kuɗi ya yi yawa. A ƙarshe mai buɗe famfo ne ke biya.

Madatsun ruwa ma ba su tsira ba. Owabi da Barekese, waɗanda ke shayar da Kumasi, tafkuna ne da aka tsayar da ruwa a cikinsu. Ruwa in ya lafa, sai ya sauke. Duk gonar da aka share a sama da dam, duk filin da aka yanka aka bar shi tsirara, ƙasarsa cikin tafkin za ta ƙare. Wurin da ya kamata ruwa ya zauna, laka ta zauna.

To, ga mu a bakin teku. A nan aikin ya sake salo.

Abu na farko, gishiri. Yumɓun da ya ƙi kwanciya tun daga Asante, da ya haɗu da ruwan gishiri sai ya fara dunƙulewa, kamar an zuba masa alif. Shi ya sa bakin kogi da tafkunan gaɓa suke cike da baƙar laka, inda itatuwan gaɓar nan masu saiwoyi a waje ke tsirowa. Wanda bai kwanta a nan ba, igiyar ruwa ta ja shi can cikin teku inda ruwa ke da zurfi da natsuwa. Yashi ne ke saura a gaɓa. In kun taɓa mamakin yadda rairayin bakin teku yake tas babu laka, dalilin ke nan. Dare da rana ake wanke shi.

In Allah ya kai ku Elmina ko Cape Coast, ku tsuguna a inda igiyar ruwa ke ƙarewa. Za ta hauro da ƙarfi, ɗauke da ƙwayoyi manya da ƙanana. Wani ruwan ya nutse cikin yashi. Wanda ya koma ba shi da ƙarfin farko. Sai ya ja marasa nauyi, ya bar masu nauyi. A wasu wuraren za ku ga baƙin zane a kan farin yashi, kamar an barbaɗa kwalli. Wasu na ɗauka datti ne. Ƙwayoyin ma'adinai ne masu ƙarfe a jiki, sun fi kwaz nauyi, ruwa ya tsince su ya jera.

Abu na biyu, kuma shi ne babba. A gaɓarmu igiyar ruwa daga kudu maso yamma take zuwa. A karkace take bugun gaɓa. Tana tura ƙwayar yashi sama a karkace, ƙwayar ta gangaro a miƙe. Wata igiyar ta sake tura ta a karkace. Kowane bugu, ta matsa gabas kaɗan. Ku tara wannan sau dubbai a yini, shekara da shekaru. Sai ya zama akwai kogin yashi da ke bin gaɓa, daga yamma zuwa gabas. Daga Ghana ya shiga Togo, ya wuce Kwatano, ya nufi Legas. Gaɓar da kake gani a tsaye, yashinta tafiya yake yi. Tana nan ne kawai don abin da ke shigowa ya yi daidai da abin da ke fita.

To idan aka tare mai shigowa fa?

Kogin Volta ne babban mai kawo yashi ga gabashin gaɓar Ghana. Yana fita teku a Ada. A 1965 aka kammala dam ɗin Akosombo, wanda har gobe muke shan wutarsa. Amma dam ruwa yake tsayarwa, kuma kun san abin da ruwa ke yi in ya lafa. Mafi yawan yashin da Volta ke kawowa daga arewa yanzu a cikin tafki yake kwanciya. Ruwan da ke fitowa ta ƙasan dam ya fito da hannu wofi. Ita kuwa teku ba ta daina aikinta ba. Tana ci gaba da kwashe yashi zuwa gabas. Da ba a kawo mata sabo ba, sai ta ci na gaɓa.

Gaskiya ita ce teku ta fara cin Keta tun kafin a gina dam. Garin a kan siririn tudun yashi yake, teku a gaba, tafki a baya. Amma rage yashin Volta ya ƙara wa wutar fetur. Ganuwar Prinzenstein, wadda Turawan Denmak suka gina a 1784, teku ta rushe babban sashenta a 1980. Tituna da gidaje sun tafi. An yi babban aikin kare gaɓar, aka kammala a 2004. An jera duwatsu, an miƙa wasu katangun dutse cikin ruwa don su tare yashi mai wucewa. Inda aka kare, an samu sauƙi. Amma yashin da katanga ta riƙe, na gaba ne aka hana. Ƙauyukan da ke gabas, wajen Agavedzi da Salakope, su suka ci gaba da shan bugu. A watan Nuwamba na 2021 teku ta sake shiga gidajen mutane a wannan yanki, dubbai suka rasa wurin kwana.

Haka labarin yake a Lome. Tun da aka buɗe tashar jiragen ruwa a 1968, yashi ke taruwa ta yammacinta, gaɓa na faɗaɗa. Ta gabas kuma teku ta cinye tsohuwar hanyar mota mai zuwa Aneho. Wanda ya tare yashi a sama, na ƙasa ne ke biya. A ra'ayina, duk wanda zai gina dam, ko tasha, ko katanga a bakin ruwa, kafin ya sa harsashi a tambaye shi: yashin wa za ka riƙe?

Bari in ɗan ratse. Iska ma wannan tankaɗen take yi. Hazon hunturu da ke rufe mana Kumasi a watan Disamba da Janairu, da yawansa daga wani busasshen kwari yake tasowa a ƙasar Cadi, ana kiransa Bodele. Yashi mai nauyi ba ya nisa, can yake zama tuddai a hamada. Mai laushin ne ke iso mu, ya kwanta a kan gilashin mota. Mafi laushi kuma ya ƙetare teku har dajin Amazon. Mu dawo gida.

Yanzu ga batu na ƙarshe, kuma na aljihu ne. Maigida mai gini, da kai nake.

Yashin da ruwa ya wanke da kyau, shi siminti ke so. In laka ta yi yawa a ciki, tana lulluɓe ƙwayoyin, siminti ya kasa kama su. Bulo ya fito da kyan gani, amma in ka murza gefensa sai ya zube. Ga gwajin da ba ya cin ko sidi ɗaya. Samo kwalba mai haske. Zuba yashin zuwa rabi. Ƙara ruwa har ya shanye kansa sosai, ka jefa ɗan gishiri. Rufe, ka girgiza da ƙarfi, ka ajiye a inda ba za a taɓa ba. Kafin ka juya, mai kaushi ya zauna a gindi. Mai laushi ya hau kansa. Ka tafi harkarka, ka dawo bayan wasu sa'o'i. Za ka tarar da layin laka a can sama, launinsa daban. Auna shi da yatsa. In ya kai kusan kashi ɗaya cikin goma na tsawon yashin, kada ka zuba kankare da shi sai an wanke. Birkila na gari ma yana damƙar yashi ya murza a tafin hannu. In hannun ya yi ja ya yi danƙo, ya san akwai magana.

Yashin bakin teku kuwa, ko kyauta aka ba ka, bar shi. Gishirin da ke jikinsa yana cin rodi a cikin kankare. Rodi ya yi tsatsa ya kumbura, dakali ya tsage. Ban da haka, kowace tipa da aka ɗiba a gaɓa, daga ƙofar gidan wani masunci aka rage ta. Dokar ma'adinai ta ƙasar nan ta 2006 ta sa yashi cikin abin da ba a haƙa sai da lasisi. Ba laifi ba ne ka tambayi direban tipa daga ina ya ɗebo.

Sai maganar yasar kwata. Allah ya saka wa samarinmu da alheri, suna fita gayya suna shan wari. Amma sau nawa muke ganin an kwaso yashi an tula shi a bakin kwatar, an tafi an bar shi? Ya bushe, ya warware, ya zama irin rairayin nan da ruwa ya fi saurin ɗagawa. Ruwan farko zai mayar da shi inda aka ciro shi. Aikin yini guda ya tafi a banza. In za a yi yasa, a tanadi baro ko aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, tun kafin a sa shebur. Kuma tunda mun san ruwa a inda ya lafa yake saukewa, mu zaɓa masa wurin. Ɗan rami mai faɗi a gindin gangare, kafin bakin kwalbati, zai kama yashi a inda hannu ke kaiwa. Kwashe shi daga rami a fili ya fi rarrafe cikin kwalbati sauƙi nesa ba kusa ba.

Masu sauraro, iyayena da 'yan uwana, ga roƙona gare ku. Limamai da masu unguwa, a sa maganar tulin yashin bakin titi cikin sanarwar Juma'a kafin ruwa ya kankama. Mai gini ya kewaye yashinsa da bulo, ya rufe shi da tamfol. Malaman makaranta, na boko da na allo, ku sa yara su kawo kwalba da yashi daga wurare daban-daban, su girgiza, su gwada na wa ya fi laka. Wanda ya gwada, ya aiko mana da abin da ya gani, za mu karanta a shiri na gaba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga ambaliya.